Akawun Agege Da Ƙwaƙwalwar Na'urarsa

Tun zamanin da rediyo mai batir ya shigo ƙasar nan, Bahaushe bai saba jefar da abin da ya saya da guminsa ba don kawai ya fara ciwo. In keke ya kwanta akan kai shi wurin mai gyara a sake masa sarƙa. In agogo ya tsaya a buɗe cikinsa a duba. Keken ɗinkin da kaka ta bari har yau yana ɗinki a gidaje da yawa, domin kuwa babu wani ƙarfe a jikinsa da ba a iya kwancewa a sa wani a madadinsa. Da irin wannan tunani ne jama'a suka karɓi kwamfutar tafi-da-gidanka. Saboda haka da zarar ta fara nauyin jiki, tambayar farko da mai ita yakan yi ita ce, shin za a iya cire mata ƙwaƙwalwa a sa wadda ta fi ta ƙarfi? Amsar wannan tambaya ta sake tun wajen 2015, ba tare da an yi shela ba, kuma rashin sanin haka ya ci kuɗin bayin Allah masu yawa.

Akwai wani dattijo a Agege, unguwar nan ta Ikko da Hausawa fataken goro suka daɗe da kafa zango a cikinta, a bakin hanyar jirgin ƙasa da ta nufi Kano. Ya zo garin yana saurayi, ya yi wa wani attajirin goro akawu, yana rubuta huhu nawa aka ɗaura, nawa aka loda, wa ya biya, wa ake bi. Da maigidan nasa ya rasu sai ya sayi tafireta ya kama ɗan shago, ya zama shi ne mai rubuta wa mutane wasiƙa da takardar haya da yarjejeniyar ciniki. Da zamani ya juya, aka mai da cika fom ɗin jarrabawa da na fasfo da na banki ta hanyar intanet, sai ya ajiye tafireta. A 2016 ya sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, irin wadda Yarabawa ke kira tokunbo, wato abin da ya ƙetaro teku. Ƙirar 2012 ce, irin waɗanda ofisoshin Turai da Amurka kan yi aiki da su shekara uku ko huɗu su sayar. Da wannan na'ura yake ciyar da iyali, da ita yake biyan kuɗin makarantar yara.

Shekara takwas ta yi masa biyayya, sa'an nan ta soma gardama. In ya kunna ta da safe sai ya sha shayi ya gama ba ta gama farkawa ba. In ya buɗe takarda biyu ko uku sai ta tsaya cik, fankarta tana kuka kamar injin niƙa, gefenta kuwa ya yi zafi har ba a son taɓawa. Masu jira a kan benci suka fara tashi ɗaya ɗaya suna tafiya shagon wasu samari a gaba. Sayen sabuwa kuwa ba zance ba ne. Tun da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni na 2023, Dalar da ake canzarwa a hukumance a kan kimanin Naira 460 ta haura Naira 1,500 a watan Fabrairu na 2024, kuma duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya bi ta ya hau.

Ɗan ƙanensa, wanda ke karatu a wata babbar makaranta, shi ne ya kawo shawara. Ya ce, "Baba, ai ƙwaƙwalwar ce ta tsufa. Taka i5 ce, a cire ta a sa i7, za ka ga ta koma kamar sabuwa." Dattijo bai san bambancin biyar da bakwai a wannan fage ba, amma ya san bakwai ta fi biyar. Ya tattara abin da ya tanada, a farkon 2025 ya naɗe na'urar a cikin jaka ya nufi Ikeja, babbar kasuwar kwamfuta da wayoyi da ke kewayen titin Otigba, yaron yana biye da shi riƙe da tasa kwamfutar, siririya, sabuwar yayi.

Kafin a bi su cikin kasuwa, ya kamata mai karatu ya san abin da ake nufi da ƙwaƙwalwar nan, wadda masu gyara ke kira furosesa. Wani ɗan falle ne na siliki, wato sinadarin da ake tacewa daga yashi, girmansa bai wuce farcen babban yatsa ba, an zana masa ƙananan makunnai da ake kira tiransisto. Duk wani lissafi da na'urar ke yi, a nan ake yinsa. A watan Nuwamba na 1971 ne kamfanin Intel na Amurka ya fitar da ta farko da aka sa a kasuwa, mai lamba 4004, wadda aka ƙera domin injin lissafi na wani kamfanin Japan mai suna Busicom. Tiransisto 2,300 ne a cikinta. Zuwa 2012, ƙwaƙwalwa mai cibiyar aiki huɗu ta kamfanin tana ɗauke da tiransisto miliyan 1,400. Kusan kowace shekara akan fitar da sabon zubi, shi ya sa ake cewa zubi na biyu, na uku, na takwas, da sauransu. Ta dattijon nan zubi na uku ce.

Rumfar farko da suka shiga, mai ita bai ko buɗe jakar ba ya ce akwai i7, a kawo kuɗi a dawo bayan awa ɗaya. Dattijo ya shekara arba'in yana kallon ciniki, ya san wanda ya yi saurin cewa "akwai" ba lalle ne ya ji tambayar ba. Ya yi godiya ya wuce. Can ciki, a wani ɗan lungu, suka tarar da wani saurayi Bakano da ya koyi gyara a gida kafin ya gangaro kudu. Ya tashi ya ba dattijo kujerarsa, ya gaishe shi, sa'an nan ya ce, "Baba, bari mu buɗe ta tukuna. Likita ba ya yanka sai ya ga ciwo."

Ya cire batir, ya kwance sukurori, ya ɗaga allon haruffa, ya kai ga babban allon da komai ke zaune a kansa, wanda su ke kira bod. Ya cire fanka tare da wani lanƙwasasshen bututu na jan ƙarfe, sai ga ƙwaƙwalwa a fili. A gefenta akwai wani ɗan sukuru guda. Ya juya shi rabin juyi, ya sa yatsu biyu ya ɗago ta, ya juya cikinta ya nuna wa dattijo ɗaruruwan allurai masu ruwan zinariya a jere. Gurbin da ta fito ciki ramuka 988 gare shi, kuma a kusurwa ɗaya akwai 'yar alama mai kusurwa uku, don kada a mai da ita a juye. Ya ce, "Taka dai tana cirewa, Baba. Kana cikin masu sa'a." Sai ya miƙa hannu ya karɓi ta yaron, ya dubi lambar da ke jikinta, ya ga ta ƙare da harafin U, ya mai da masa. Ya ce, "Taka kuwa, abokina, yadda aka haife ta haka za ta mutu."

Abin da saurayin ke nufi shi ne, hanya biyu ce ake ɗora ƙwaƙwalwa a kan allo. Ta farko ita ce ta gurbi da allurai, wadda ake cirewa a mayar kamar yadda ake sake fulogin babur. Ta biyu kuwa babu allurai, sai ɗaruruwan ƙananan ƙwallayen dalma, wani lokaci fiye da dubu, waɗanda ake narkarwa a masana'anta su manne ƙwaƙwalwar da allon su zama abu guda. Zubi na huɗu, na 2013, shi ne na ƙarshe da Intel ya yi wa kwamfutar tafi-da-gidanka ƙwaƙwalwa mai gurbi. Daga zubi na biyar, wanda ya bazu a 2015, duk a liƙe suke zuwa, ban da wasu 'yan tsirarun manyan na'urori masu nauyi da aka sa wa ƙwaƙwalwar kwamfutar tebur. Ke nan tsohuwar dattijo tana da ƙofar da sabuwar ɗansa ba ta da ita.

Dattijo ya ce, "To, ɗana, tun da tana cirewa, sai ka sa mini bakwai ɗin." Saurayin ya ce akwai tambayoyi uku da sai an amsa su. Ta ɗaya, shin sabuwar za ta zauna a gurbin? Ta zubi na huɗu ba ta shiga gurbin zubi na uku, ko da kuwa a ido sun yi kama. Ta biyu, in ta zauna, shin allon zai gane ta? Akwai wani ɗan tsari da ake kira BIOS, shi ne mai gadin ƙofa da ke fara tashi in an kunna na'ura, kuma baƙon da ba ya cikin littafinsa ba ya buɗe masa. Zubi na biyu da na uku gurbinsu ɗaya ne, amma sau da yawa in aka sa ta uku a allon na biyu, fitila ce kawai za ta kama, fuskar ta tsaya baƙi ƙirin. Ta uku, wadda ta fi kowace muhimmanci a ƙasa mai zafi, shin fanka da bututun za su iya kwashe zafinta? Ƙwaƙwalwar dattijo, mai lamba i5-3320M, an auna zafinta a kan wat 35, kuma gwargwadon haka aka yi mata bututu. Yawancin i7 masu cibiya huɗu na wannan zubi wat 45 ne. In aka sa irinsu, za su yi gudu na 'yan mintoci, zafi ya doshi digiri 100, sa'an nan su rage gudu da kansu don kada su ƙone. An ɗaura wa jaki kayan raƙumi ke nan.

Har ila yau ya tona masa wani asiri na sunan nan i7. Ba kowace i7 ce ta ninka i5 ba. Akwai mai lamba i7-3520M, cibiyarta biyu kamar ta dattijo, gudunta 2.9 a inda tasa ke yin 2.6, bambancin da mai buga wasiƙa ba zai taɓa ji a hannunsa ba. Irinta ce aka fi sayar wa wanda ya zo yana neman "bakwai" kawai. Akwai kuma i7-3632QM, mai cibiya huɗu a kan wat 35, wadda ita ce da gaske za ta dace, amma samunta sai an tona, kuma ita ma tsohuwa ce da aka ciro daga cikin wata gawar. Ya ce, "In ka ce in nemo, zan nemo, kuma zan ci riba. Amma bari ka ga wani abu."

Ya mai da komai, ya kunna, ya buɗe wani shafi da ke nuna yadda kowane sashe na na'urar ke wahala. Layin ƙwaƙwalwa yana kwance a ƙasa, yana ɗan motsi kamar mai gyangyaɗi. Layin faifan ajiya kuwa ya manne a sama, ɗari bisa ɗari, ya ƙi saukowa. Saurayin ya ce, "Baba, kai akawu ne. A ce kana zaune a tebur, hannunka da sauri, amma teburin ƙarami ne, littafi biyu kawai yake ɗauka, sauran littattafan suna can cikin sito, yaron da ke ɗauko maka su kuwa gurgu ne. In aiki ya yi jinkiri, laifin wa?" Dattijo ya yi murmushi ya ce, "Ba na akawu ba ne." Saurayin ya ce, "To, kai ka zo ne a kori akawu."

Misalin ya zauna daidai. Akawun shi ne ƙwaƙwalwa. Teburin shi ne abin da ake kira RAM, wurin da na'ura ke baza aikin da take yi a wannan lokaci, kuma na dattijo gigabait 4 ne kacal, alhali shafukan intanet na yanzu sun fi na 2012 ci nesa ba kusa ba. Sito da gurgun yaro kuwa shi ne tsohon faifan ajiya, wanda faranti ne na gaske da ke juyawa sau 5,400 a minti, da wata 'yar allura da ke kai da kawowa tana neman abin da aka aike ta. Magajinsa, wanda ake kira SSD, ba shi da abin da ke juyawa ko kaɗan. A irin wannan na'ura yakan kwaso kimanin megabait 500 a daƙiƙa, inda tsohon ke fama da wajen 100, kuma wurin tsinto ƙananan abubuwa a warwatse ratar ta fi haka nisa ƙwarai. Game da zafi kuma, ya nuna masa bakin bututun, inda ƙura ta dunƙule ta zama kamar bargo, da kuma man da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwa da jan ƙarfe, wanda ya bushe ya zama kamar alli.

Abin da aka yi ke nan. Aka sa SSD, aka ƙara RAM ya zama gigabait 8, aka busa ƙura, aka goge tsohon mai aka ɗiga sabo, kamar ƙwayar shinkafa. Ƙwaƙwalwar da aka zo kora ta koma gurbinta. Da aka kunna, kafin dattijo ya gyara zaman hularsa na'urar ta farka. Ya koma gida da ragowar kuɗi a aljihu.

Sai dai kafin ya tashi, saurayin ya gaya masa wata magana mai ɗaci, wadda mai son kuɗi kaɗai da ya haɗiye ta. Tsarin Windows 10 da ke kan na'urar, kamfanin Microsoft ya sa ranar 14 ga Oktoba, 2025 ta zama ranar da zai daina aiko masa da gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, kuma haka aka yi da ranar ta zo, sai ga wanda ya shiga wani shiri na ƙarin wa'adi. Magajinsa, Windows 11, wanda ya fito a watan Oktoba na 2021, galibi ba ya karɓar ƙwaƙwalwar Intel da ta gaza zubi na takwas. Gurbin dattijo kuwa iyakarsa zubi na uku. Wato ko da ya sayi i7 mafi tsada da ta taɓa shiga wannan gurbi, ba za ta ƙetar da shi wannan kogi ba. Akwai dabarun da ake yi a tura Windows 11 da ƙarfi, amma kamfanin bai ɗauki alkawarin kula da wanda ya bi ta wannan hanya ba. Akwai kuma Linux, tsarin da Linus Torvalds ɗan ƙasar Finlan ya fara a 1991, wanda kyauta ne kuma yana tafiya lafiya a tsofaffin na'urori, amma sai mutum ya sake koyon wuri.

Wannan magana ta fi damun dattijo a kan jinkirin da ya kawo shi. A cikin na'urar nan akwai lambobin katin ɗan ƙasa na mutane, da hotunan fasfo, da lambobin asusun banki, da takardun gado da na bashi. Mutanen da suka ba shi ba su san abin da ake kira tsaro na intanet ba, shi suka sani. Amana ce, kuma ƙofar da maginin ya daina gyara wa sakata, komai daɗewa ɓarawo zai gane ta.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa masu ƙira suka rufe ƙofar da a dā take buɗe? Ba a ce mugunta ce zalla ba. A watan Janairu na 2008 Steve Jobs, shugaban kamfanin Apple, ya zaro kwamfutar MacBook Air daga cikin ambulan a gaban taro, kuma tun daga ranar duniya ta kamu da son siririyar na'ura. A 2011 Intel ya fito da nasa tsarin na sirara mai suna Ultrabook. Gurbi da allurai suna cin wuri, suna ƙara kauri da kuɗin ƙira, ƙwaƙwalwar da aka liƙe kuwa ta fi zama lafiya in na'ura ta faɗi, kuma ta fi sauƙin tsarawa yadda batir zai daɗe. Masu saye a ƙasashen masu arziki sun zaɓi rashin nauyi, domin ba su da niyyar riƙe na'ura shekara goma. Abin ya ci gaba har a 2020 Apple ya fitar da ƙwaƙwalwar M1, wadda aka haɗe ta da RAM ɗinta a wuri guda, ba a ƙara ko ɗaya daga baya.

Amma wanda ya yanke shawarar daban, wanda ya biya kuɗinta daban. Na'urar da aka ƙera don Bature ya yi shekara huɗu da ita, a Ikeja da Alaba da Kano take yin sauran rayuwarta, a hannun ɗalibi da akawu da mai shagon buga takardu. A dā in ƙwaƙwalwa ta mutu a sake ta. Yanzu in ta mutu sai a sake allon gaba ɗaya, kuma kuɗinsa kan kusa kuɗin wata na'urar ta hannu. Gaskiya ne akwai gwanaye masu injin hura zafi da ke iya narkar da dalma su ɗaga ƙwaƙwalwa su dasa wata, amma aiki ne mai hatsari, galibi irinta ake mayarwa, kuma zafin da ya wuce kima kaɗan yakan tanƙware allon a yi biyu babu. Abin da ya gagari gyara kuwa ya zama na 'yan jari-bola. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da tarkacen kayan lantarki tan miliyan 62, kuma abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Wasu sun fara farkawa. Tun watan Janairu na 2021 Faransa ta wajabta a manna wa kwamfutar tafi-da-gidanka maki daga cikin 10 da ke nuna sauƙin gyaranta, don mai saye ya gani kafin ya biya. A shekarar kuma wani ƙaramin kamfanin Amurka mai suna Framework ya fito da na'urar da ake kwance ko'ina nata da sukundireba guda. Ko a can ma ƙwaƙwalwar a liƙe take, sai dai an yi allon yadda za a cire shi a sa na sabon zubi, a bar fuska da batir da gangar jiki. Wannan shi ne iyakar abin da ya rage na tsohuwar al'ada.

Dattijon Agege bai jira Faransa ba. Ya raba aikinsa gida biyu. Wasiƙa da yarjejeniya da lissafin 'yan goro, waɗanda ba su bukatar intanet, ya bar wa tsohuwar, kuma tana yinsu da sauri kamar a shekarunta na ƙuruciya. Takardun mutane ya kwashe su ya adana a wani faifai daban da yake kullewa a akwati. Ragowar kuɗin da ya dawo da su daga Ikeja kuwa ya zuba su a adashi, da nufin in kwasarsa ta zo ya sayi wata ta hannu, daga zubi na takwas zuwa sama, domin aikin fom da banki. Saurayin ya rubuta masa abubuwa uku a bayan rasit: ya dubi lambar zubi kafin ya dubi biyar ko bakwai, ya tambaya ko RAM ɗin a liƙe yake ko yana cirewa, ya kuma tabbata faifan ajiyar ana iya sake shi. Ƙwaƙwalwa kuwa, ya ce masa, ya zaɓe ta da kyau tun ranar ciniki, domin a na'urar yanzu ba a yi wa mutum zaɓi na biyu. Ɗan ƙanen nasa ma ya nemi a ba shi takardar ya kwafa.